Zullumin Gobe: Me Ya Sa Mai Ciki Da Mai Jego Ke Kwana Saƙe-Saƙe?

Akwai maganar da kusan duk mai juna biyu ta taɓa ji idan ta kuskura ta faɗi abin da ke cin ranta: "Ki daina sa damuwa a ranki, ba kyau ga abin da ke cikinki." Mai faɗar da zuciya ɗaya yake faɗa, amma a duba abin da maganar ke haifarwa. Da damuwarta ɗaya ce, yanzu ta zama biyu. Ga fargabar abin da gobe za ta zo da shi, ga kuma fargabar cewa wannan fargabar tata tana cutar da ɗanta. Daga ranar sai ta ja bakinta ta yi gum, mutanen gida kuma su ɗauka abin ya wuce.

Bai wuce ba, sauya kama yake yi yana bin watannin ciki. A watannin farko tsoron ɓari ne, duk shiga banɗaki sai an duba ko akwai jini. Ciki ya yi ƙwari, sai tunanin ko ɗan yana da cikakkiyar halitta. Wata ya kusa kamawa, sai naƙuda: zan iya kuwa, ko sai an yi min aiki, zan tashi ko ba zan tashi ba? An sauka lafiya, ana ta barka, ita kuma sabon shafi ya buɗe mata: nonon yana isarsa, me ya sa yake wannan kukan, me ya sa yau bai yi kukan ba? Can ƙasan waɗannan kuma akwai masu nisan zango, waɗanda ba a cika furtawa ba. Karatuna ya ƙare ke nan? Aikina zai jira ni? Da me za mu riƙe yaron nan? Mijina zai ci gaba da kallona yadda yake kallona? In na mutu, hannun wa zai faɗa?

Abin ya fi yadda ake zato yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 5 na fuskantar matsalar da ta shafi lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin goyon ciki ko cikin shekarar farko bayan haihuwa. A 2017 Cindy-Lee Dennis ta Jami'ar Toronto da abokan aikinta suka tattara bincike 102 daga ƙasashe 34, wanda ya ƙunshi mata fiye da 220,000. Sun samu kusan kashi 18 cikin 100 na mata suna fama da alamun fargaba a watanni ukun farko na ciki, adadin kuma ya haura zuwa kusan kashi 25 a watanni ukun ƙarshe. Wato a kan kowane benci na masu jiran awo, in mata huɗu ne masu tsohon ciki a zaune, sau da yawa akan samu ɗaya da gabanta ke faɗuwa, ko da kuwa ita ce ta fi kowa fara'a.

Daga ina abin yake tasowa?

Da farko dai, daga jiki. Ciki yana ɗaga wasu sinadaran jikin mace, estirojin da firojestaron, su kai matsayin da jikin mace bai taɓa gani ba, kuma mafi yawansu mabiyiya ce ke samar da su. Da zarar mabiyiya ta faɗo, cikin 'yan kwanaki sai su zube ƙasa warwas. Shi ya sa a kwana na uku zuwa na biyar mai jego kan tsinci kanta tana hawaye ba tare da an yi mata komai ba. Wannan yana samun mafi yawan masu jego, kuma yakan washe da kansa kafin mako biyu.

Ita kanta ƙwaƙwalwa ciki yana taɓa ta. A ƙarshen 2016 Elseline Hoekzema da abokan aikinta a Basalona suka fitar da sakamakon hoton ƙwaƙwalwar mata 25 da suka ɗauka kafin cikin fari da kuma bayan haihuwa. Sun ga sauyi ƙarara a sassan da mutum ke amfani da su wajen karantar halin da wani yake ciki, sauyin da ya kai aƙalla shekara 2 bai goge ba, kuma waɗannan sassan ne suka fi motsawa idan aka nuna wa uwa hoton jaririnta. Abin da na fahimta a nan shi ne, jiki da kansa yake shirya uwa ta zama mai kunne a tsaye. Halittar da ba ta magana, ba ta iya juya kanta, ba ta iya korar ko da ƙuda, dole sai da wanda zai riƙa hango mata haɗari tun kafin ya iso. Uwar da ke farkawa firgigit don numfashin ɗanta ya sauya, ba lalacewa ƙwaƙwalwarta ta yi ba, aikinta take yi. Matsalar tana farawa ne idan wannan tsaron ya ƙi sauka ko da babu abin tsaro.

Abin da ya fi hana shi sauka kuwa rashin barci ne, kuma ina ganin ba a ba wannan muhimmancin da ya kamata. Jariri sabon haihuwa yakan farka duk bayan awa 2 ko 3. Mai tsohon ciki ma ba ta tsira ba, ga fitsari, ga ciwon baya, ga rashin gefen kwanciya. A wani gwaji da aka yi a Amurka a 2007, an hana lafiyayyun matasa barci na kusan awa 35, sannan aka nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da tsoro ya zabura da fiye da kashi 60 cikin 100 a kan na waɗanda suka yi barcinsu. Wannan dare ɗaya ke nan, ga mutanen da ba su da jinjiri a gefe. To ina ga wadda ta yi wata biyu ba ta haɗa awa huɗu a jere ba? Tunanin da zai zo mata da ƙarfe uku na dare ba lalle ya zama gaskiyar rayuwarta ba, sau da yawa gajiya ce ke magana.

Sai kuma uwa uba, rashin tabbas. A 2016 masu bincike a Landan suka sa mutum 45 wani wasa a kwamfuta: ka ɗaga dutse, in akwai maciji a ƙasa sai a ɗan ja ka da lantarki a hannu. Sun auna gumi da buɗewar ƙwayar ido. Abin mamaki, mutanen sun fi shiga tashin hankali lokacin da abin yake rabi da rabi, ko a ja su ko kada a ja su, fiye da lokacin da suka tabbatar za a ja su. Ɗan Adam ya fi iya jure mugun abin da ya sani a kan wanda bai san ko zai zo ba. Ciki kuwa wata tara ne cur na rashin sani. Abin da ka fi ƙauna a duniya yana jikinka amma ba ka ganinsa, ba ka san ranar zuwansa ba, ba ka san yadda zai zo ba. Bayan ya zo ma, babu likitan da zai sa hannu a takarda cewa gobe lafiya lau.

Kuma kada mu yaudari kanmu, tsoron yana da tushe. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna mata kusan 260,000 ne suka rasu a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa. Adadin ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 daga shekarar 2000, amma wadda ta rasa yayarta a wurin haihuwa, ko ta taɓa ɓari, ko ta taɓa binne jariri, ba za a ce mata tsoronta shirme ba ne. Duk wanda ya ce mata "babu abin da zai faru" ya faɗi abin da bai sani ba, ita ma ta san bai sani ba, shi ya sa maganar ba ta kwantar mata da hankali. Abin da za a iya faɗa mata da gaskiya shi ne, mafi rinjayen masu ciki suna sauka lafiya, kuma mafi yawan abubuwan da ke kashe mata a haihuwa, irin su zubar jini da hawan jini mai kawo jijjiga da shigar ƙwayoyin cuta, ana iya tare su in an je hannun ƙwararru da wuri.

Game da waccan magana ta cewa damuwa na cutar da ɗan ciki, ga yadda abin yake. Mabiyiya tana ɗauke da wani sinadari da ke karya mafi yawan kotisol, wato sinadarin tashin hankali na jinin uwa, kafin ya ƙetara zuwa ga ɗan tayi. Kukan da kika yi jiya ko daren da kika kwana kina juyi bai nakasa ɗanki ba. Ɓari ma, wanda ke samun kusan kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shi, yawanci kafin mako 12, kusan rabinsa matsala ce ta ƙwayoyin halitta tun ranar da cikin ya shiga, ba tunanin uwa ba ne ya jawo. Inda bincike ya ga alaƙa da haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi shi ne ciwon damuwa mai tsanani da ya daɗe ba a yi maganinsa ba. Wannan kuwa hujja ce ta a taimaka mata ta samu magani. Ba hujja ba ce ta a ɗora mata laifi.

Me ya sa "ki daina tunani" ba ya aiki

A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam, Daniel Wegner, ya zaunar da ɗalibai ya ce musu na minti biyar kada su yi tunanin farar beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, kuma duk sa'ad da ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Daga baya da aka sake musu mara, sai tunanin ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Dalilin a fili yake: kafin zuciya ta tabbatar ba ta tunanin abu, sai ta leƙa ta ga ko yana nan, leƙawar kuwa ita ce tunanin. Don haka matar da ke kokawar korar tunanin mutuwa a wurin haihuwa, ita ce tunanin ya fi zama wa daram.

Hanya ta biyu da ba ta ɓullewa ita ce farautar tabbas. Dubi mai jegon da ta tashi cikin dare, ta haska fuskar jaririn da fitilar waya, ta kara yatsa a ƙasan hancinsa. Ta ji ɗumin numfashi, ta koma ta kwanta. Ko minti goma ba a yi ba zuciya ta ce mata, anya kin ji da kyau? Ta sake tashi. A karo na uku ta ga numfashin ya ɗan tsaya na daƙiƙa biyar kafin ya ci gaba, abin da jarirai sababbin haihuwa suka saba yi, sai ta buɗe intanet ta rubuta tambaya, intanet kuma ya jero mata cututtuka goma sha. Haka za ta kai asuba. Wannan dube-dube da tambaye-tambaye kamar susar ƙaiƙayi ne, daɗin na ɗan lokaci ne, sannan ya dawo ya fi na da. Duk dubawa tana koya wa zuciya cewa don an duba ne aka tsira, saboda haka gobe ma sai an duba, har a ƙara.

Masu ba da shawara kan faɗa cikin wannan tarkon su ma. Miji ya ce "lafiyarsa ƙalau" sau ashirin a rana, yana ganin taimako yake yi, alhali kwana biyu kaɗan maganar za ta daina tasiri.

Rarrabe damuwa

Abin da na ga ya fi amfani shi ne a daina ɗaukar damuwa a dunƙule. Duk tunanin da ya zo, a yi masa tambaya guda: akwai abin da zan iya yi a kanka yau ko cikin makon nan?

Wasu za su amsa da e. Waɗannan ba abokan gaba ba ne, aiki ne ke jiran a yi shi. Tsoron naƙuda yana raguwa sosai idan aka san asibitin da za a je, da abin hawan da zai kai, da wanda zai raka, da wanda zai zauna da sauran yara, da wanda zai ba da jini in an buƙata, da ɗan abin da aka ajiye don ko-ta-kwana. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, kuma kowace zuwa dama ce ta sauke tambayoyi. A rubuta su a takarda tun daga gida, don da an shiga ɗakin awo sukan gudu.

Sanin alamun haɗari ma yana rage tsoro, ba ƙara shi yake yi ba, domin yana yi wa tsoron iyaka. Ga mai ciki: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, zazzaɓi, matsanancin ciwon ciki, numfashi da ƙyar, fashewar ruwa kafin lokaci, ko motsin ɗa ya ragu a kan yadda ya saba. Ga mai jego, a ƙara da jini mai yawa, ruwa mai wari, da kumburi mai ciwo a ƙafa ɗaya. Ga jariri: ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ya saki jiki ba ya motsi, numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya ko haƙarƙarinsa na lotsawa, jijjiga, ko ciwon shawara ya bayyana a ranar farko ko ya kai tafin hannu da na ƙafa. In an ga ɗaya daga ciki, ba a jira gari ya waye, ba a tambayar waya, asibiti ake nufa. In kuwa babu ko ɗaya, uwa ta samu abin da za ta amsa wa zuciyarta da shi.

Sauran tunanin kuma, waɗanda suka fi yawa, za su amsa da a'a. Wane irin mutum zai zama? Duniyar da zai girma a ciki fa? In ya kamu da wata cuta yana shekara goma? Waɗannan ba su da aikin yi yau, kuma ba su da amsa. Mai su tana ji kamar in ta ci gaba da juya su tana yin wani shiri ne, ko kuma in ta saki jiki abin zai zo mata ba zato. Amma tunanin bai taɓa hana komai faruwa ba, barci kawai yake hanawa. A Jami'ar Jihar Pensilbaniya an sa mutum 29 masu ciwon fargaba su rubuta duk abin da suke tsoro, aka bi sawu na wata guda, sai aka tarar kusan kashi 91 cikin 100 bai faru ba. Mutanen kaɗan ne, kuma ba masu ciki ba ne, amma kowace mace za ta iya gwada wannan da littafinta ta ga nata lissafin.

Irin wannan tunanin, tun da korar sa ba ta yiwuwa, sai a yanka masa lokaci. Dabarar ta fito ne daga aikin Thomas Borkovec a 1983. A ware kamar minti 20 kullum, da rana, ba dab da kwanciya ba. Tunani ya zo da hantsi ko tsakar dare, a ce masa na ji ka, a rubuta shi a layi ɗaya, sai lokacinka ya yi. Lokacin ya yi, a zauna a karanta, a yi damuwar son rai, in ya cika a rufe littafi. Da farko zai yi kamar wasan yara. Amma jinkirtawa ta fi hanawa sauƙi a wurin zuciya, kuma da yawa daga abin da aka rubuta da dare, in aka karanta shi da rana sai a ga ya yi laushi. A haɗa da abin da ke kwantar da jiki kai tsaye: jan numfashi a hankali tare da tsawaita fitar da shi, da tafiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu ciki da masu jego da ba su da wata matsala shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 a mako.

Mai addini tana da addu'a da miƙa lamari ga Allah, kuma wannan babban jigo ne ga wanda ya samu, domin shi ne ainihin koyon zama da abin da ba a sani ba. Abin da ba na so shi ne a juya shi ya zama sanda, a ce wa mace fargabarta raunin imani ne. Ba a cewa mai hawan jini imaninta ne ya yi ƙasa. Tana addu'arta, tana shan maganinta.

Tunanin da ba a faɗa wa kowa

Akwai wani nau'i da ya kamata a tsaya a kansa, don shi ya fi azabtar da mata a ɓoye. Uwa tana saukowa daga bene da jariri a hannu, sai kawai ta ga hotonsa a ranta ya suɓuce ya faɗi. Tana yi masa wanka, sai ta ga kamar ya nutse. Wani lokaci ma abin ya fi haka muni, ta ga kamar ita ce da hannunta ta sake shi. Jikinta ya ɗau rawa, ta ƙanƙame shi, ta ce a ranta wace irin uwa ce ni? Ba za ta faɗa wa miji ba, ba za ta faɗa wa mahaifiyarta ba, balle likita, don tana tsoron a ce ta haukace a raba ta da ɗanta.

A 2008 Nichole Fairbrother da Sheila Woody a Kanada suka bi mata 100 masu haihuwar fari. A mako na huɗu bayan haihuwa, dukkansu sun ce irin wannan hoto na haɗari ya taɓa faɗo musu, kusan rabinsu kuma sun ce har da na su cutar da jaririn da kansu, ba da son ransu ba. Binciken da ya biyo baya bai nuna masu irin wannan tunani sun fi sauran mata cutar da 'ya'yansu ba. Firgitar da uwa ke yi da ƙyamar da take ji, su ne shaidar cewa tunanin ya saɓa wa abin da ke zuciyarta. Ƙwaƙwalwa mai tsaro ce ke zana mafi munin abin da zai iya faruwa don a kauce masa. In an gane haka, aka bar shi ya zo ya wuce, yakan ragu da kansa. In kuwa ya kai uwa ta daina yi wa ɗanta wanka, ko ta ƙi yarda a bar ta ita kaɗai da shi, to ya zama ciwo mai magani, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai tsoron "ba zan iya ba", wanda ya fi kama masu ƙananan shekaru da masu ɗan fari, musamman yanzu da waya ke nuna musu iyayen da kullum tsaf suke, gida fes, jariri na murmushi. Likitan yara na Ingila Donald Winnicott, wanda ya ga dubban iyaye mata a aikinsa, tun a 1953 ya ce yaro ba ya buƙatar uwa marar kuskure, wadda ta isa kawai yake buƙata. Daga baya Edward Tronick a Amurka ya ɗauki bidiyon iyaye da jariransu yana nazari daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya tarar ko tsakanin lafiyayyun uwa da ɗa, kusan kashi 30 cikin 100 na lokaci ne kawai suke fahimtar juna daidai. Sauran duk saɓani ne da gyara: ya yi kuka ta ɗauka yunwa ce, ashe barci ne, ta gane ta gyara. A cikin wannan gyaran yaro ke koyon cewa in abu ya ɓaci ana iya daidaita shi. Kukan ma yana da lokacinsa, yakan kai ƙololuwa wajen mako 6, ya ragu zuwa wata 3 ko 4. Ranar da ya kai uwa maƙura, ta kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci ta fita ta sha iska na 'yan mintuna. Kada dai a girgiza jariri ko kusa, don yana iya lalata masa ƙwaƙwalwa.

Inda dabara ta ƙare

Duk abin da aka faɗa a sama yana da iyaka. In fargaba ko baƙin ciki ya wuce mako 2 kusan kullum, in jariri na barci amma uwa ta kasa runtsawa, in abinci ya fita ranta, in zuciyarta na bugawa kamar za ta fito har ta ji numfashi na ɗaukewa, in ba ta jin daɗin komai har da ɗanta, to lokacin ganin ma'aikacin lafiya ya yi. A fara da gwajin jini, don ƙarancin jini, wanda ke damun fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu ciki a duniya, da rikicewar ƙwayar tayirod ta maƙogwaro bayan haihuwa, duka suna kawo bugun zuciya da kasala masu kama da fargaba. Akwai kuma takardar tambayoyi 10 da John Cox da abokan aikinsa suka tsara a Edinbara a 1987, wadda ake cikewa cikin minti biyar, kuma an fassara ta zuwa harsuna da dama.

Abu biyu ba sa jira ko na kwana ɗaya. Na farko, tunanin kashe kai ko jin cewa yaran za su fi jin daɗi in ba ta. Na biyu, rikicewar hankali bayan haihuwa, wadda ke samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, galibi a mako biyun farko: ta kwana da kwanaki ba barci ba kuma gajiya, tana jin muryoyi, tana ganin abin da babu, ko ta yarda da abin da ba haka yake ba game da jaririn. Bambancinta da waccan uwar mai firgita da tunaninta shi ne, wannan ba ta ganin abin a matsayin baƙo, ta gaskata shi. A kai ta asibiti nan take, kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kuma ana warkewa.

Magani kuwa ba lalle sai babban likitan ƙwaƙwalwa ba. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da ma'aikatan lafiya mata na unguwa su riƙa ziyartar masu ciki da ke da ciwon damuwa, suna zama da su suna koya musu gane tunani marar amfani da sauya shi, tare da jawo iyali cikin lamarin. Mata 903 ne suka shiga. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna wata 6 bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne kawai ke da sauran ciwon a cikin waɗanda aka yi wa haka, a cikin waɗanda aka bar su da kulawar da aka saba kuwa kashi 53. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin ta yaɗa shi. Wadda abin ya yi wa tsanani kuma, akwai magungunan da likita zai iya ba ta ko tana da ciki ko tana shayarwa. Wadda take shan irin wannan magani tun kafin ciki, kada ta yanke shi da kanta don ta ga ciki ya shiga, ta je a duba tare.

Wani abin kuma ba a ƙwaƙwalwar mace yake ba sam, a gidan yake. Wadda ake duka ko ake zagi, wadda aka bar wa ciki da yara ba ko sisi, wadda aka cire daga makaranta ba ta san ko za ta koma ba, tsoronta na gobe lissafi ne daidai. Ba numfashi a hankali za a koya mata a tafi ba. Tana buƙatar kariya, da abin hannu, da wanda zai tsaya mata har ta koma karatu ko sana'a.

Shi ya sa kaso mai yawa na wannan aiki yana wuyan miji da 'yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya karɓi jariri bayan an shayar da shi, ya fita da shi daga ɗakin don uwar ta samu awa huɗu ko biyar a jere, ya yi mata abin da nasiha ɗari ba za ta yi ba. Miji ya zauna da ita su yi lissafin kuɗi a fili, komai ƙanƙantarsa, don abin da aka ɓoye mata ya fi abin da aka nuna mata tsoratarwa. Mahaifiya ko yaya, maimakon "ke dai kin cika tsoro", ta ce, "'Yar nan, faɗa min abin da ya fi tsaya miki a rai," sannan ta yi shiru ta saurara har ƙarshe ba tare da ta katse ta da labarin wadda ta fi ta shan wuya ba. Shi ma uban a tambaye shi. Wani nazari da ya tattara bincike 43 a 2010 ya samu kusan uba 1 cikin 10 na shiga ciwon damuwa tsakanin lokacin cikin matarsa da shekarar farko ta jariri, kuma yakan fi yawa a gidan da uwar ma take fama.